Rasidin Haraji da Gonar Gado a Ƙasar Gwandu

Da zarar bazara ta kama aka shiga sharar gona, rigimar ƙasa kan yi yawa a masarautar Gwandu. A Dodoru da ƙauyukan da ke kewaye da ita, haka a Dalijan da Kambaza da Maruda, lokacin ne wanda ya daɗe ba ya gari yakan dawo ya tsaya a bakin iyaka, ya nuna wata gona ya ce ta mahaifinsa ce. Wanda ke cikin gonar kuwa ba ya rasa ta cewa. Maganar da aka fi ji daga bakinsa ita ce, "Ai mu muke biyan harajinta tun kakanmu yana da rai." Wani har yakan shiga ɗaka ya fito da gwangwani cike da tsofaffin rasidai, sun yi ja, gara ta ɗan ci gefensu, wasu tun na zamanin fam da sule, ya zazzage su gaban hakimi ko alƙali.

Rasidan na gaske ne, kuɗin ma an biya su, sau da yawa da gumi da bashi. To amma biyan ya mayar da gonar tasa? Tambayar ta tsufa, kuma Gwandu ta cancanci a nemi amsarta a cikinta, domin malamin da ya kafa wannan masarauta yana cikin waɗanda suka zauna suka rubuta hukuncin mallakar ƙasa tun kafin Bature ya leƙo.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi aka danƙa wa yammacin daula da aka raba ayyukan mulki a 1812. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya tare a Gwandu, inda hubbarensa yake har yau. A cikin ɗimbin littattafansa akwai wani ɗan ƙarami, Ta'alimur Radi, wanda ya keɓe ga mas'ala guda: ta wace hanya mutum yake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne tafarkin Malam Abdullahi, hanyar ita ce raya matacciyar ƙasa, kuma malamai sun ƙirga ayyukan da ake raya ta da su. Mutum ya fito da ruwa, ko ya janye ruwan da ya kwanta, ya yi gini, ya dasa itatuwa, ya yi huɗa, ya sare daji, ko ya fasa duwatsu ya daidaita wurin. Wanda ya zagaye fili da shinge kawai, ko ya kora dabbobinsa suka yi kiwo a ciki, bai raya shi ba. Idan filin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, idan kuwa can cikin daji yake ba sai an nema ba. Shugaba na iya yanka wa mutum fili, yana kuma iya keɓe hurumi don amfanin jama'a. A duk wannan lissafi babu inda aka ce wanda ya kai kuɗi baitulmali ya zama mai ƙasa.

Asalin haraji a Musulunci ma can wani gefe ya fuskanta. Da Musulmi suka ci ƙasar noman Iraƙi, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya ƙi raba ta ga mayaƙa. Ya bar manomanta a kanta, ya ɗora musu haraji, don na baya su ma su amfana. A wajen Imamu Malik, ƙasar da aka ci da yaƙi waƙafi ce ta dukkan Musulmi. Ke nan mai biyan harajinta yana da haƙƙin nomawa da ci, wuyan ƙasar kuwa yana hannun al'umma.

A ƙasar Hausa kuɗin ƙasa ya riga jihadi. Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya sa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin zaluncin da ya tuhumi sarakunan Hausa da shi. Duk da haka, bayan jihadi kuɗin ƙasa ya ci gaba a manyan masarautun gabas. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu ya kuma yaba albasar garin, ya rubuta cewa a Kano kowane magidanci yana biyan wuri 2,500, a Zazzau kuma wuri 500 ake karɓa a kan kowace fartanya. Ma'aunin dai magidanci ne ko fartanya. Ba wanda ya je ya auna gona. A Sakkwato da kewayenta kuwa zakka aka fi sani, fadar Gwandu kuma ta dogara ƙwarai ga gaisuwar da ke zuwa daga Nupe da Ilori da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Ita zakkar hatsi a kan amfanin take, wanda ya noma shi ke fitar da ita, ko da gonar ta aro ce. Damin da aka kai rumbun zakka bai taɓa zama shaidar mallaka ba.

A ƙauye kowa ya san ƙofofin da ake shiga gona ta cikinsu: gado, saran daji da izinin hakimi, kyauta, saye, jingina, haya, aro. Huɗun farko suna tsayawa, ukun ƙarshe suna da ranar ƙarewa ko da ba a faɗe ta ba. Ga yadda ake tsare bambancin ba tare da alƙalami ba. In an gama girbi, aka ɗaure gero, wanda aka ara wa gona zai ware dami ɗaya ko biyu, ya ɗora wa jaki ko ya sa yaro ya ɗauka, a bi ta tsakiyar gari da rana tsaka a sauke a ƙofar gidan mai gonar. Mai gonar zai fito ya ce, "Haba, har da wahala?" Mai aro ya ce, "Ai ba yawa, albarkar ƙasarku ce." Damin ba zai ciyar da gida kwana nawa ba. Amfaninsa shi ne maƙwabta sun gani, bana sun gani, baɗi ma za su gani. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a barin mai aro ya dasa mangwaro ko ya haƙa rijiya a gonar, tunda dashe da rijiya aikin mai abu ne. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. A tsarin gargajiya, wanda yake biya shi ne baƙo a gonar, wanda ake kai wa shi ne mai ita.

Sai Turawa suka zo. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu cewa duk ikon da Fulani suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa da ikon sa haraji, ya koma hannun Ingila. Gwandu ta shiga wannan tsari, a 1906 kuma, bayan tawayen da aka yi wa Turawa a Satiru, aka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru, aka naɗa Haliru Abdu, fadar ta zauna a Birnin Kebbi. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta haɗe tarkacen kuɗaɗen da ake karɓa a da suka zama haraji guda.

Wanda ya gaji Lugga a 1907, Percy Girouard, yana da ra'ayi mai ƙarfi game da ƙasa. Shi da wani jami'in mulkin mallaka, Charles Temple, sun sha daga koyarwar wani Ba'amurke, Henry George, mai cewa ƙasa ta jama'a ce, duk mai amfani da ita ya biya hukuma haya. Sun kuma ga abin da ya faru a Bengal ta Indiya, inda a 1793 gwamnan Turawa Cornwallis ya mayar da masu tara kuɗin ƙasa suka zama masu ƙasar muddin suna biya a kan kari, manoman da suka gaji gonakin kuma suka wayi gari 'yan haya. Girouard bai so a yi haka a Arewa ba. Kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 ya bi ra'ayinsa, dokar 1910 kuma ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, abin da mutum ke da shi izinin zama da amfani ne. Burin Girouard shi ne haraji ya rikiɗe ya zama kuɗin haya. Lugga da ya dawo bai yarda da wannan fassara ba, ya tsaya a kan cewa haraji a kan abin da mutum ke samu yake. Ko wanne aka bi cikin biyun, rasidi bai zama takardar mallaka ba: a wajen Girouard shaidar haya ce, a wajen Lugga shaidar cewa talaka ya sauke nauyin kansa.

Yadda ake karɓar harajin ya isa ya warware gardamar. Jimla ake yanke wa gari, uban ƙasa ya sauke wa hakimai, hakimi da masu unguwanni su raba a kan baligan maza, a ɗan ƙara wa mai hali a rage wa mara shi. Malamin haraji yana zaune a zaure da littafi, yana kiran suna, yana yago rasidi. Abin da ke jikin takardar sunan mutum ne da garinsu da shekara da adadin kuɗi. Ba gabas, ba yamma, ba maƙwabcin iyaka. Maƙeri da mahauci da masaƙi da ba su da ko taki ɗaya na gona sun biya, sun karɓi irin wannan rasidi. Ɗan cirani ma da shi yake tafiya a aljihu, don in an tare shi a hanya ya nuna. A wasu wurare, kamar gundumomin Kano, an gwada tsarin taki, malamai suna auna gonaki da ƙafa ana sa kuɗi gwargwadon faɗinsu, shi ma don a san abin da za a karɓa aka yi shi, daga baya kuma aka watsar.

Duk da haka, wanda ya ɗauki mai gwangwanin rasidai a matsayin maƙaryaci bai yi masa adalci ba, domin maganarsa tana da tushe. Haraji bai ba kowa gona ba, amma ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Da Turawa suka ce ba wuri ba hatsi, sai tsabar kuɗinsu, talakan da damina ta ƙi shi yana da hanya uku: ya sayar da abincin gidansa da arha a kaka, ya jinginar da gona, ko ya bar gari. Lardin Sakkwato, wanda Gwandu take cikinsa a lokacin, ya yi suna wajen cirani. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ta samu sama da mutum 250,000 sun bi hanyoyin fita daga lardin, akasari sun nufi kudu da ƙasar da ake kira Gana a yau. Mafi yawa sukan dawo da ruwan fari. Wasu ba su dawo ba. Shi kuwa hakimi jimlar da aka yanke masa ba ta raguwa don wani ya gudu, kuma in kuɗi bai cika ba rawaninsa ne a kan layi. Saboda haka gonar da ta zama saura sai ya miƙa ta ga wanda zai zauna, ya noma, ya shiga littafin haraji. Daga nan ne zukatan mutane suka ɗaura haraji da gona. Jikan wanda aka ba ya tashi yana jin cewa kakansa ya karɓi gonar ne da sharaɗin biya, kuma ya biya. Jikan wanda ya tafi ya tashi yana jin cewa an bar gonar ne amana.

In irin wannan shari'a ta zo gaban alƙali, abin da zai taimaki na cikin gona shi ne hauzi. Littattafan da alƙalan Arewa ke hukunci da su, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun tabbatar da cewa wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana sarrafa ta kamar tasa, mai da'awa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, amma ya yi shiru, to ba za a saurari da'awarsa ba daga baya. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara 40, saboda 'yan uwa sukan yi wa juna kawaici. Sharuɗɗan suna da nauyi. Wanda ba ya gari shirunsa ba yarda ba ce. Maraya ƙarami ba a ƙirga masa. Idan kuma aka kawo shaidu cewa da aro ko jingina ko haya aka shiga gonar, hauzi ya faɗi ko an yi shekara nawa. Shi ya sa alƙali mai lura ba ya daɗewa a kan rasidai. Tambayoyinsa su ne, "Malam, ta yaya mahaifinka ya shiga gonar nan? Wa ya sare ta? Su wa ke iyaka da ku? An taɓa kai dami gidan wani?"

Akwai inda biyan haraji ya taɓa haifar da mallaka, amma sai da doka ta faɗi haka ƙarara. A Masar, da bashi ya sha kan mai mulkin ƙasar, Isma'il Pasha, ya yi dokar Muƙabala a 1871: duk wanda ya biya harajin shekara 6 a dunƙule za a rage masa rabin haraji har abada, a kuma tabbatar masa da cikakkiyar mallaka. Masu kuɗi suka amfana, a 1880 aka soke dokar. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai son ya mallaki filin wani ta hanyar daɗewa a ciki dole ya nuna ya biya harajin filin shekara 5, amma tare da zama a fili, ido na ganin ido, tsawon wannan lokaci. Biya shi kaɗai ba ya ba shi komai. Kusa da gida, a Nijar, bayan shugaban ƙasar, Seyni Kountché, ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce a 1974, masu aro da yawa sun daina kai dami, masu gonaki kuma suka nace sai an kawo, domin ɓangarorin biyu sun san abin da damin yake nufi. Rigingimun da suka biyo baya suna cikin dalilan da suka sa aka yi dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin ƙasa masu rubuta aro da jingina da saye.

A Najeriya, zamanin Sarkin Gwandu Haruna Rashid kaɗai, daga 1954 zuwa 1995, ya ga sauyi huɗu: dokar ƙasa ta Jihar Arewa a 1962, rushe En'e a 1976, dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, da ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A tsakani, a 1979, gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, tsohon tsarin ya kama hanyar mutuwa a Arewa. Dokar 1978 ta ɗauko tsarin Arewa ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da izinin mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Manomin Dodoru da dokar ta tarar a gonarsa ta gado ana ɗaukarsa kamar wanda aka riga aka ba izini, ko ba shi da takarda ko ɗaya. Wannan sashe kariya ce babba ga talaka, kuma abin takaici ne yadda kaɗan ne suka san da shi.

Kotun Ƙoli ta yi magana a kan sauran. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin asali, ingantattun takardu, ayyukan mai abu masu yawa na tsawon lokaci, daɗewa ana riƙe da wurin, da mallakar filin da ke manne da shi. Rasidin kuɗin ƙasa na iya shiga a matsayin ɗan ƙarin shaida cewa mutum yana wurin, iyakarsa ke nan. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 kotun ta ce ko takardar shaidar mallaka ta gwamna ba ta ba mutum abin da ba shi da shi tun farko. A shari'ar Abioye da Yakubu ta 1991, wadda ta taso daga Jihar Kwara, ta ce dokar 1978 ba ta mayar da waɗanda aka ba wurin zama suna biyan gaisuwa sun zama masu ƙasa ba. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takarda ke biyan jiha haya ce, ƙin biyansa na iya sa a soke izini, amma biyansa a kan filin wani ba ya sauya mai filin. In gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a kuwa, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gini da sauran abin da aka raya, ba ta tsurar ƙasa ba. Manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya shafa sun ɗanɗani zafin rigimar diyya a 1980, har aka rasa rayuka.

Abin da ya sa maganar ta fi zafi yanzu shi ne ƙasa ta yi daraja. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, fadamar da a da ake bayarwa aro don zumunci ta zama abin da ake haya da kuɗi masu kauri. Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ta sa gonakin gero sun koma fulotai. Wasu masu wayo sukan ruga sakatariya su biya wani kuɗi, su karɓi rasidi da sunansu a kan gonar da aka ba su riƙo, suna jiran ranar da dattawan da suka san asali za su ƙare. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne marayu, da matan da aka bar rabon gadonsu a hannun 'yan uwa maza, da iyalan da suka yi nisa da gida. Doka ba ta tare da mai wannan dabara, shari'ar Musulunci ma haka, amma kafin gaskiya ta fito an sha jeka-ka-dawo a kotu, an kashe kuɗi, zumunci ya lalace.

Don haka duk mai gona a hannun wani, a Dodoru ko Kalgo ko wani gari na masarautar, ya nemi wanda ke riƙe da ita tun ana ga maciji, su je gaban hakimi da liman da maƙwabtan iyaka huɗu, a rubuta ko aro ne ko jingina ko haya, a sa ranar da aka yi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Iyalan da ba su raba gado ba su raba, a fitar wa mata da marayu nasu da sunansu. Wanda ya saya ya nemi takardar ciniki da shaidu kafin ya nemi rasidin ƙaramar hukuma. A yi wannan tun dattawan da suka ga saran dajin da idonsu suna da rai.